Fuskar Malam Haruna

Har yau ban manta da ranar da Lawal ya shigo shagon Malam Sani yana neman a zana masa fuskar mahaifinsa ba. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka zo koyon aiki a wurina, domin yawancinku kuna shekarar ƙarshe a makaranta, kamar yadda nake a lokacin.

Zane-zane nake karantawa a kwalejin fasaha. Ƙa'idar sashenmu ita ce, kafin ɗalibi ya kammala sai ya yi 'yan watanni a wurin masu sana'a, sannan ya koma ya baje ayyukansa a gaban malamai su ba shi maki. Ni na zaɓi dawowa gida Daura, wurin Malam Sani, abokin mahaifina, mai rubuta allunan shaguna da yin hatimi da katin biki. Da yake ni kaɗai ce mace a shagon, sai ya ba ni teburi daga ciki, kusa da injin kwafi.

Ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ba. Babu wanda ya zo ya hana mu zana mutum, amma masu shaguna da kansu suke kawo allunansu a shafe hotunan da ke jiki. Mai aski ya ce a cire kawunan, a bar masa almakashi da reza. Ni kuwa abin da na fi iyawa a makaranta shi ne zanen fuska. Nakan wuni ina shafa farin fenti a kan fuskokin da wani ya zana, ina tunanin ko abin da na koya zai yi mini rana.

Lawal mai fataucin dabbobi ne, sana'ar da ya gada. Mahaifinsa, Malam Haruna, tsufa ya kama shi har ya fara mantuwa. Wata ranar kasuwar Mai'adua ya matsa sai ya bi ɗansa. Lawal ya zaunar da shi a inuwa, ya tafi cinikin wani bijimi, da ya dawo babu tsoho. An yi cigiya a masallatai da rediyo, an duba asibiti, kusan wata guda shiru. 'Yan sanda suka ce a kawo hoto, shi kuwa bai taɓa yarda an ɗauke shi ba.

Malam Sani ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ni haruffa na iya, Lawal. Amma akwai 'yata Rukayya a ciki, ita ta karanci wannan. Sai dai ka fara jin ta bakin manyanka, kada mu yi abin da zai ɓata musu rai."

Washegari suka dawo tare da Malam Sule, ƙanen tsohon, malami mai karantar da littattafai a zaurensa. Bai zauna ba. Ya ce, "Ba na son hoto, yayana ma ba ya so. Amma rai muke nema. A zana fuska kaɗai. Idan an ji labarinsa, a tattaro takardun a kawo mini, har da ta asali." Malam Sani ya ce an yi alkawari.

Zanen fuskar wanda ba ka taɓa gani ba yana da tsari. Za ka fara da siffar kai, sannan tazarar idanu, sannan hanci da baki. Alamomi irin su tsage da tabo su ne na ƙarshe. Na fara da fuskar Lawal, tunda an ce suna kama, na ƙara mata shekaru. Amma duk abin da na tambaye shi sai ya ce, "Wallahi ban lura ba." Daga ƙarshe ya ce in zo in ga mahaifiyarsa.

Inna Hajara tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Na durƙusa na gaishe ta, na fitar da takarda da fensir. Ba ta faɗin sunan mijinta, Malam take cewa.

"Inna, yaya idanunsa suke?"

"Haba 'yar nan, ina na sani? Mu a zamaninmu ba a ƙura wa miji ido."

Na ga tambaya ba za ta kai ni ko'ina ba, sai na miƙa mata abin da na riga na zana. Ta daɗe tana dubawa. Can ta ce, "Wannan ai Lawal ne ya tsufa. Malam fuskarsa ta fi haka tsawo." Na goge na gyara. Ta ce idonsa na hagu ya ɗan fi na dama ƙanƙanta. Ta ce akwai tsaguwa a kunnensa na dama, inda ƙahon wani bijimi ya taɓa kama shi tun Lawal yana goye. Daga nan ta shiga labarin ranar, yadda ya shigo gida jini ya ɓata masa riga yana dariya, yana cewa bijimin ya fi shi gaskiya. Ban katse ta ba. Tana magana ina zane.

Da na sake nuna mata, sai ta girgiza kai. "Komai ya yi, amma kin sa shi fushi. Malam ba ya ɗaure fuska haka ko da an ɓata masa." Na sassauta girar, na ɗan ɗaga gefen baki. Ta karɓa, ta duba, sai ta kifa takardar a cinyarta ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Babu wanda ya ce mini zanen ya yi, amma na tattara kayana.

A shago na bi layukan da baƙar tawada, domin injin kwafi ba ya ɗaukar inuwar fensir. Malam Sani ya rubuta sunan tsohon da unguwarsu a ƙasa, da boko da ajami, da manyan haruffa. Lawal ya rarraba takardun a tashoshin mota da wurin 'yan acaɓa na Daura da Mai'adua da Mashi.

Bayan kamar mako biyu wani ɗan acaɓa mai kai fasinja ƙauyukan tsallaken iyaka ya zo da labari. Ya nuna takardar a wani ƙauye cikin Nijar, limamin garin ya gane kunnen. Ya ce tsohon ya iso musu a ƙafa, bai san sunansa ba, bai san daga inda ya fito ba. Suka sauke shi a zauren liman, suna ba shi fura. Zazzaɓi ya kama shi, bayan 'yan kwanaki Allah ya karɓi abinsa. Suka yi masa wanka da salla, suka binne shi cikin nasu. Lawal da Malam Sule suka je. Aka nuna musu kabarin, aka ba su hularsa da sandarsa.

Muka cika alkawari. Lawal ya bi tashoshi ya ɓamɓaro takardun, ni kuma na ba Malam Sani ta asali ya kai wa Malam Sule. Ban san abin da aka yi da su ba, ban kuma tambaya ba. Da malamin da ke duba mu ya zo daga makaranta ya ji labarin, ya ce wannan aikin shi ya kamata ya zama kan gaba a baje kolina. Na ce masa ba ya hannuna. Ya ce ko kwafi ɗaya? Na ce ko ɗaya. Da allunan shaguna da katunan biki na kammala, makin da na samu kuma matsakaici ne.

Na je gaisuwar rasuwa tare da mahaifiyata. Inna Hajara ta shiga takaba, mata sun cika ɗakin. Na yi niyyar in gaisa in fita, domin ina jin nauyin cewa ta hannuna mummunan labari ya iso gidan. Sai ta riƙe mini hannu.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Tun ranar da ya ɓata kullum sai na ajiye masa tuwo, da safe in ɗumama wa jikoki. Yanzu na san inda yake kwance, na san an yi masa salla."

Na daɗe a wannan sana'a, yanzu kusan komai da kwamfuta muke yi. Abin da na ɗauka daga gidan nan shi ne, mai kawo aiki sau da yawa ba ya iya faɗin abin da yake so, sai ka ajiye wani abu a gabansa ka yi shiru ya gyara maka. Kuma wani aikin ba naka ba ne, ko da hannunka ne ya yi shi. In mutum ya shigo shagon nan ya zauna ya rasa ta inda zai fara, kada ku hanzarta shi. Ku ba shi ruwa, ku jira. Ba ku san abin da ya baro a gida ba.