Tsohuwar Da Ke Yanke Zare Da Baki

A ɗakin jiran likitan haƙori, matar da ke dafe da kumburarren kunci ta manta da ciwonta, ta tsura wa wata tsohuwa ido. Tsohuwar 'yar firit ce, tabarau a karan hanci, yatsunta duk kanta irin ta masu tura allura. Da gani tela ce. Haƙoranta ne kaɗai ba su tsufa ba: farare tas, a jere reras, dashen likita sama da ƙasa. In za ta yi murmushi, hannunta kan riga ta zuwa baki, sai ya tuna yanzu babu abin ɓoyewa, ya koma cinya.

Maɓallin hannun rigar 'yarta da ke zaune kusa da ita na reto. Tsohuwar ta zaro allura daga jaka tana ɗinkewa.

"Inna, ga almakashi," in ji 'yar. "Likita fa ya hana."

"Ke dai tsaya."

Ta sunkuya, ta kai zaren baki, ƙas! Sai ta lumshe ido, guntun zare a leɓe. Mai kumburin kunci na raya wa ranta cewa tsohon shagonta take gani, keken ɗinki na ta ƙara, zamanin da bakinta ne almakashinta.

"Rabona da jin wannan ƙarar tun rigarki ta makaranta," in ji tsohuwar a hankali.

Ta buɗe ido, ta sake zura zare a allura.

"Miƙo ɗaya hannun mu gani."