Furfurata Ce Ta Ja Mini Usur

Ni da bakina na roƙi aikin usur, shi ya sa ba ni da wanda zan kai ƙara.

A shekarar da Masar ta yamutse, maigidan da nake yi wa gadi a unguwar Zamalek ta Alƙahira ya kwashe iyalinsa ya bar ƙasar, na koma ɗakina na unguwar Arba wa Nus ina kallon bango. Takarduna na zama a ƙasar sun daɗe da mutuwa, karatuna kuwa bai wuce in gane lambar motar haya ba. Wani Bahaushen Sudan da muke sallah a masallaci ɗaya, ƙato mai wuya kamar turmi, shi ya kai ni wurin ɗan kwangilar da ke gyaran layin dogo a hanyar kudu. Aikin shi ne kwasar tsakuwa da shebur, a cusa ta ƙarƙashin ƙarfen jirgi. Na kwashe rani ina yi, ƙuguna yana zagina.

Amma idona na kan wani dattijo Bamisire da ba ya taɓa shebur. Can yake tsayawa a kwana, inda layin ya lanƙwasa bayan itatuwan dabino, usur a wuya, jar tuta a hannu. In jirgi ya taho ya busa, mu watse daga kan layi. Iyakar aikinsa ke nan, kuma ladanmu ɗaya. Ranar da ya ce zai koma ƙauyensu, kafin kowa ya buɗe baki na isa gaban rayyis, wato shugaban leburori, na cire hula na nuna masa furfura. Na ce a ƙasarmu ba a barin mai irin wannan kai ya sunkuya alhali yara na tsaye. Na kira ɗan Sudan shaida, ya yi har da rantsuwa. Rayyis ya rataya mini usur ya ce, "Mabruk, ya Hajj." Haka yake kirana, ni da na baro Kano da niyyar Makka tun gemuna na baƙi, har yau ban wuce Alƙahira ba.

Na ɗan ci daɗin abin. Sai sanyi ya shigo, a nan na gane abin da ya sa dattijon can ya tuna da ƙauyensu.

Sanyin Masar jiƙaƙƙe ne. Daga gonaki yake tasowa, ya shiga ta tafin ƙafa ya hau har haƙora. Masu shebur ba ruwansu, kafin hantsi sun tuɓe rigunan sama, bayansu na tururi. Ni kuwa an kafe ni kamar turken awaki. Ba a matsawa daga kwana. Ba a hura wuta. Abin da ya fi ci mini rai, ba a rufe kunne, domin in hazon safiya ya sauka ba ka ganin tafin hannunka, kunne ne ke fara jin jirgi a jikin ƙarfe. Shayin da suke aiko mini kafin ya iso ya zama ruwan randa. Usur ɗin ƙarfe ne, yana kama leɓe, sai na riƙa ɓoye shi a hammata kamar kaza a kan ƙwai.

Na fara tari. Na je na gaya wa rayyis ƙuguna ya warke sarai, ya yi hamdala ya ce in koma kwana. Na ce idona ya fara rauni, ya ce ma'alish, wato ba komai, ai kunne ake bukata. Saura in ce kunnen ma ya mutu, amma na san daga nan sai sallama, kuma wa zai ɗauki tsoho marar takarda? Shebur kawai nake so, in motsa jini kafin tarin nan ya kwantar da ni.

Ranar da aka yi ruwa da ƙanƙara, irin wanda Misirawa kansu suka ce ba su saba gani ba, yatsuna suka daina jin sandar tuta. Da aka sauka daga layi don sallar azahar, na sallame da wuri na lallaɓa na ɗauki shebur. Na kwasa ɗaya, na kwasa biyu. Wallahi ko tuwon sallah bai taɓa yi mini daɗi haka ba. Sai na ji an fizge shi ta baya.

"Haba Baba, muna raye?" in ji ɗan Sudan. "Me mutane za su ce?"

Na ce, "Ɗan nan, don Allah ka rage mini girman nan, zai kashe ni."

Ya yi dariya, ya juya ya gaya wa sauran da Larabci wai Baba tausayinsu yake ji, yana so ya taya su. Suka yi ta sa mini albarka. Su biyu suka rako ni har kwana, suka yafa mini buhun siminti a kafaɗa, suka koma suna yabon halina.

Washegari rayyis ya zo mini da hular ulu da matarsa ta saƙa. An bar mata huda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Na sa, kunnuwana suka leƙo waje kamar hannun tukunya. Na yi godiya, to me zan ce? Da ita na ƙarasa sanyin nan a tsaye, ina tari ina busa.

Da zafi ya dawo, aiki ya matsa zuwa inda layin ya miƙe sambal, ana hango jirgi tun daga nesa. Rayyis ya ce khalas, shi ke nan, ba a bukatar mai usur, ya cire shi daga wuyana ya miƙo mini shebur. Ƙarfen layi har walƙiya yake yi don rana. Na waiga ina neman mai cewa muna raye, ashe ɗan Sudan ya samu aikin gini a unguwar Hayyin Ashir ya tafi. Na cire hula zan nuna furfura, rana ta doke ni a tsakar ka, na mayar da abata na sunkuya.