Yayana Mai Majigi, Wanda Ya Ara Mini Idonsa

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Lahadi, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana, wanda 'yan unguwa suka fi sani da Mai Majigi, bayan gajeruwar jinya. Ni ce ƙanwarsa da ta rage. Ba na gani, don haka faɗa nake yi ana rubuta mini.

Yaya, ƙuruciyarka duk a ɗan ɗakin nan na saman silima ta ƙare, cikin zafin inji da ƙarar faifai. Masu zuwa gaisuwa sun tuna mini da wani hali naka. In fim ɗin soyayya ya ƙare, ba ka kunna fitilun zauren nan da nan, sai sunayen 'yan wasa sun gama wucewa cikin duhu. Mai silimar ya sha yi maka faɗa, kai kuma ka ce magidanta ne a ciki, a bari su share hawaye kafin maƙwabci ya gan su. Wani dattijo ya ce mini ka sha rufa masa asiri ta wannan hanya.

Ni kuwa littafi ne nawa. Tsofaffin finafinan da kake so yawanci daga littattafai aka ciro su, kuma na karanta su tun ina budurwa, tsakanin wannan ɗinki da wancan. Kai ko ɗaya ba ka taɓa kaiwa ƙarshe ba, shafi kaɗan barci ya kwashe ka. Amma hakan bai hana ka musu ba. In na ce littafin ya fi, sai ka ce, "Ke dai kina son wahala. Abin da marubucinki ya cika shafuka yana bayani, yarinyar fim ɗin da gira ɗaya ta gama shi." Mun tsufa muna wannan gardama, ba wanda ya sauko.

Da maigidana ya rasu, idona kuma ya bi bayansa a hankali, gidan ya yi mini faɗi. 'Ya'ya kowa yana can da hidimarsa. Littattafaina suna cikin kabad, iyakata in shafa bayansu. A lokacin ne ka fara zuwa kowace Talata bayan la'asar, da faifai a aljihun riga, ka jawo kujerar roba kusa da tawa.

Ba ka taɓa maimaita mini abin da 'yan wasa suka faɗa ba, ka ce kunnena lafiyarsa ƙalau. Inda suka yi shiru, nan aikinka yake. Sai ka sunkuyo ka ce a hankali, "Ta ɗora hannu a kan ƙofa, ba ta buɗe ba." Ko kuma, "Yana ta gyara hula, alhali hular daidai take." In an zo wurin da kunya ta kama ka, sai ka yi tari ka ce, "Suna gaisawa." Ni da na karanta littafin na san irin gaisuwar, amma ban taɓa tona ka ba.

A bakinka na gane abin da ya sa finafinan nan ba sa tsufa. Labarin kowa ya san shi, an san wanda zai tafi da wadda za a bari. Abin da ke dawo da mutum shi ne ɗan jiran nan da fuska ke yi kafin baki ya buɗe. Har yau ina nan a kan bakana cewa littafi ya fi, amma wannan kam babu shi a takarda.

Bayan an tashi daga zaman makoki, 'yarka ta fari, Allah ya yi mata albarka, ta zo ta ce za ta riƙa zama da ni a madadinka. Ta saka fim ɗin da ni da kai muka fi so, na matar da ta raka masoyinta tashar jirgin ƙasa. Aka zo rabuwa, magana ta ɗauke, kiɗa ya tashi. Na karkata kunne ina jira. Da shirun ya yi yawa na ce, "Me ake yi?"

Ta ce, "Ba komai, Gwaggo. Tsaye kawai suke."

Ba laifinta ba ne, abin da ta gani ta faɗa. Na ce ta kashe, kaina ke ciwo. Da ta tafi na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da kai. Ina kewarka, Yaya, kuma ban san wanda zan faɗa wa ba.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka da jikokinka, Allah ya ba su haƙuri, ya albarkaci bayanka. Ni ma ku sa ni a addu'a. Likita ya daɗe da cewa idona ya tafi, amma ni sai da aka ɗauke ka na makance.