Teunis da Furannin Bayan Kicin

Teunis Wagenaar mijin yayata ne, kuma ban taɓa ƙaunarsa ba. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya zo daga baya ya ce Maartje ta ɓoye abin da ke ranta. Sai dai ban ƙara masa ko ɗigo ba, abin da ya aikata ya ishe shi.

A garinmu Andijk, idan ka ambaci Teunis sai a ce, "Au, mai idon nan." Iyakar yabon da yake da shi a duniya ke nan. Mu nan noman furen tulip muke yi, amma albasar da ke cikin ƙasa ita ce amfanin gona, furen kallo ne kawai. Tulip yana da wata cuta da ke fasa masa launi, wanda ya kamata ya fito ja jawur sai ya fito da zane-zane. Ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke ɗaukar ta daga wannan tsiro zuwa wancan. Saboda haka duk shekara, da fure ya buɗe, sai a bi gona kunya-kunya ana farautar masu cutar. Aikin Teunis ke nan tun yana saurayi. Dogo ne, siriri, fuska kullum a murtuke, baƙar laima a hagu tana tare masa hasken rana, a dama kuma sanda mai soso a baki, jiƙe da maganin kashe tsiro. Ya hango mai zane, ya dangwala masa sandar, ya wuce ko waiwaye babu.

A gida ma haka yake. Ya zauna cin abinci bai ce uffan ba, sai ya ɗaga cokali ya nuna tabon miya a rigarka. Ranar da aka ɗaura aurensa da yayata Neeltje, abin da ya fara faɗa mini shi ne takalmina ɗaya ya fi ɗaya cinyewa. Kai, Allah ya yi mutum!

Ita kuwa Yaya Neel, abin da ta shiga gidansa da shi mai daraja bai wuce albasar tulip ɗin mahaifiyarmu ba, cike da wani akwatin sigari. Fari ne da zanen shuɗi mai duhu, kowane fure da irin nasa zanen, ba ka taɓa samun biyu iri ɗaya. Masu cutar ne, kowa ya sani, cutar ce ma ta yi musu kyau. Mama takan yanke su ta naɗe a jarida ta kai wa mai jego, ko majinyaci, ko gidan da aka yi rasuwa. Bayan ta rasu Neel ta ci gaba a wani ɗan fili bayan kicin ɗinta. Matan unguwa har rige-rige suke yi a kansu, mazansu kuwa su kau da kai kamar ba su gani ba.

Shekara kusan arba'in ana wannan yaƙi. Ya sa ta rufe su da gidan sauro, ta rufe. Ya ce kada ta taɓa su sannan ta shiga gonarsa, ta daina shiga gonar. Duk Afrilu sai ya tsaya a tagar kicin da kofi a hannu yana hararar su.

"Kalle shi," nakan ce da ita, "mijinki na kishi da fure."

"Ki bar shi, Maartje. Bai iya son abu ba sai ya bincika shi."

Shekarar da ƙugun Neel ya ƙi, likita ya ce sai an yi aiki, a shekarar ce masu duba gonaki suka sami cutar a kunyoyin Teunis na kusa da gida. Mai idon nan, a gonarsa! Labari ya zaga gari kafin ya cire takalman katakonsa. Na je ranar Lahadi na tarar da gidan kamar an yi mutuwa, dankali da kabeji suna hucewa a kan tebur.

"Gobe zan gama da su," in ji shi.

"Ka gama da wa?" na ce. "Ƙwarin ne suka zo suka gaya maka daga bayan kicin suka taso? Gonar maƙwabcinka fa?"

"Ba da ke nake ba, uwar surutu."

Neel ta ajiye cokali. Ta ce, "Teunis, ka bar su zuwa Yuni. Ganye ya bushe mu tone albasar, Maartje ta tafi da su gidanta a Hoorn ta dasa a tukwane a barandarta. Can babu gonar kowa. In aka tone su yanzu da fure a kai, mutuwa za su yi, kai ma ka sani."

"Ƙwari ba su san Yuni ba."

"Ban taɓa roƙonka komai ba. Su kaɗai suka rage mini na Mama."

Ta miƙo masa tafin hannu a kan tebur. A wurinmu manomi in ya tafa hannunka magana ta ƙare, ko takarda ba ta kai wannan ƙarfi ba. Ya daɗe yana kallon hannun. Can sai ya tafa, tas, ya ja kwanonsa ya ci gaba da cin dankali.

Ni dai ban yarda da shi ba. Ranar da aka kwantar da Neel a asibiti na kwaso kayana na tare a gidan, na ce na zo dafa masa abinci ne. Ya san ƙarya nake, na san ya sani. Na jawo kujera bakin tagar kicin na zauna da saƙata.

"Sojan gadi ya tashi lafiya?" yakan ce da safe.

"Lafiya lau. Mai yankan ƙauna fa?"

"Kofin nan naki ruwan wanki ne."

"Sha haka nan, ya dace da fuskarka."

Sandarsa ma ban bar ta ta shigo tsakar gida ba, sai ya jingine ta can jikin rumbun kaya. Ranar aikin Neel ta zo da gajimare, babu rana babu iska, irin ranar da masu farautar cuta suke so don zane ya fi fitowa. Ya ce shi ba zai iya barin gona ba.

"Matarka za a yanka, Teunis!"

"Likitoci za su yi, ba ni ba. Ke je ki. In ta farka gara ta ga fuskarki."

Har jakata ya ɗauka ya raka ni inda ake shiga bas. Ya ce in gaishe ta. Na tsaya ina kallonsa, na ce a raina, ashe dai akwai ɗan mutum a cikin wannan icen. Da na dawo da yamma ko riga ban cire ba na zagaya bayan kicin. Suna nan tsaye ƙyam a ƙarƙashin gidan sauronsu, ko ganye ɗaya bai karye ba.

Bayan 'yan kwanaki aka sallamo Neel da sanduna biyu. Ba ta shiga ɗaki ba, bayan kicin ta nufa, tana ɗingishi tana dariya. Ta sa na yanko mata cike da hannu. Ta ware na ma'aikatan jinya, ta ware na wata maƙwabciya da ta haihu, sauran ta zuba a tulun madara ta ɗora a tsakiyar tebur. Sannan ta dafa kafaɗar Teunis, a gabana, ta sumbaci sanƙonsa.

"Na gode, tsohona," ta ce. "Na san da wuya a gare ka."

Bai ɗago ba. Miyarsa ya ci gaba da sha.

Ganyen ya yi saurin yin rawaya a wannan shekara. Muka ce ai zafi ne ya shigo da wuri, don kuwa ya shigo. Da Yuni ya kama na zo da kwando da ɗan cokalin tono. Neel ta zauna a kan bokitin da aka kife, ni na durƙusa. Na tura hannu inda albasa ya kamata ta kasance, sai yatsuna suka nutse cikin wani abu mai yauƙi. Wari ya bugo ni. Na matsa gaba na tona, haka. Na tona gefe, na tona tsakiya, na birkice filin nan kaf har ƙasa ta cika mini farce. Ɓawo kawai da ruɓa. Ko 'yar ƙaramar albasa guda ba ta tsira ba. Maganin sandar nan tasa haka yake aiki, tsiro ya yi ta tsayuwa da furensa kwana da kwanaki alhali ya riga ya mutu daga ƙasa.

Teunis na wanke hannu a famfon tsakar gida. Na tashi zan yi kansa da cokalin tonon, Allah ya sani da na kwaɗa masa, Neel ta riƙe mini siket.

"Yaushe?" ta tambaye shi.

"Ranar da aka yi miki aiki."

"Wato ranar da na yi maka godiya..."

"Sun riga sun tafi." Ya yarfe ruwan hannunsa. "Gonar nan ita ke ciyar da mu, Neel. Da na jira Yuni da rabin ta ya kamu."

"Ka tafa hannuna."

"Wannan tsakanin manoma ne. Ke matata ce."

Tir! Na zage shi, na zagi laimarsa, na zagi idon da ake yabo. Neel kuwa ta miƙe. Ta kwance ɗan zanenta na girki ta rataye a ƙofar kicin, ta ce in miƙo mata ɗaya sandar. A bas ɗin yamma muka tafi Hoorn, kuma tun ranar a ɗakina take.

Mutanen gari sun rabu biyu. Maza suka ce Teunis ya yi abin da kowane manomi zai yi, wa ke barin gida saboda albasa? Matan kuwa, babu wadda ta ƙara kai masa ko yankan burodi.

Da Afrilu ya zagayo aka ƙwanƙwasa ƙofata. Na buɗe, sai ga shi cikin kwat ɗin zuwa coci, ya rungumo jajayen tulip, ya riƙe su kamar an ba shi ajiyar jariri. Mutumin da ya tsufa a cikin fure, ranar ce farkon da na ga ya ɗauko shi don ya ba wani.

"Ba wurinki na zo ba," in ji shi.

"Da wurina ka zo da tuni ka gangara matakala da ka."

Neel ta fito. Ta karɓa, ta je bakin taga inda haske yake, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana juya kowane fure tana leƙa ƙarƙashin ganye. Shi yana tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu. Da ta gama ta miƙa masa.

"Lafiyarsu ƙalau," ta ce. "Mayar da abinka."

Ta rufe ƙofar da kanta. Muka ji shi ya daɗe a tsaye kafin ya fara sauka. Na ɗora ruwa na haɗa mata kofi, ina ta masifa ni kaɗai, ina cewa ya yi kaɗan, da ma a kansa ta farfasa su. Sai na lura ba ta jin abin da nake faɗa. Tana riƙe da kofin, ko kurɓa ba ta yi ba.

"Maartje," ta ce, "zanen na Mama, daga gindin furen yake tasowa ko daga baki? Na fara mantawa."

Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na tarar ni ma ban sani ba.