Babban Yatsan Yayana

Har yau in na ji warin tsohuwar takardar da ruwa ya taɓa, sai in ji ɗanɗanon jini a bakina. Bari ka ji dalili.

A Kahu na tashi, da hannu ɗaya da rabi. Shan inna ya kama na hagun tun ina rarrafe, ya bar min shi ɗan siriri, a lanƙwashe a ƙirji. Kullum cikin riga nake ɓoye shi, ko da zafin bazara zai kashe ni. Yayana kuwa, wanda ya ba ni shekara biyu, ƙato ne, shi Baba ke nunawa in ana zancen noma. Ina son sa, ina kuma jin haushinsa kamar in mutu.

Wata damina kawunmu ya dawo daga kasuwar Rano da wani littafin hotuna na gwanjo, duk ya sha ruwa. Cike yake da wasu ƙattin ƙadangaru na zamanin da, wai su dainaso. Ba mu jin Turancin, hotunan kawai muke ci da ido a zaure. A tsakiyar littafin akwai wani mai kai kamar turmi, haƙora zaƙo-zaƙo, da wasu 'yan guntayen hannuwa a maƙale a ƙirji. Yayana ya dube shi, ya dube ni, ya fashe da dariya.

"Kai, ga ɗan'uwanka! Ashe kana da dangi!"

Kafin la'asar duk yaran unguwa sun naɗe hannuwa a ƙirji, suna bi na suna gurnani. Kwana uku ina haɗiyewa. Ran na huɗu, a gonar gyaɗa, ya fizgo hannun nawa daga cikin riga don ya nuna wa 'ya'yan maƙwabta. Ban san lokacin da na kafa haƙora a babban yatsansa na dama ba. Ya yi ta kwaɗa min ƙotar fartanya a ka, jini na zuba a idona, na ƙi saki. Na ji ƙashi ya yi ƙas a bakina. Sai da Baba ya toshe min hanci na buɗe baki, sannan ya karyo tsumagiya ya zane ni har ta ƙare.

Yatsan ya kumbura ya yi mugunya. Wanzami ya tsaga bai yi ba, aka kai shi asibiti, aka ce saura kaɗan a yanke. Damina ta wuce bai riƙe fartanya ba, ciyawa ta cinye rabin gyaɗar. Kowa a gidan ya daina kula ni, ban da kakarmu. Wata safiya ta iske yayana a bayan rumbu yana kuka, wando na zamewa, ya kasa ɗaure mazagi da hannu ɗaya. Ta ƙwala min kira.

"Zo nan, ja'iri. Kai ne gwanin wannan aikin. Koya masa."

Dole na fito da hannun a gabansa. Na nuna masa yadda ake danne bakin mazagi da wuyan hannu, a zarge da yatsu biyu. Na nuna masa yadda ake karkata buta da gwiwa wajen alwala. Bai yi dariya ba, kallo yake yana kwaikwayo. Tun daga ranar ban ƙara mayar da hannun cikin riga ba.

Yanzu yara a waya suke kallon dainaso masu gudu da ruri, kuma ɗigon rigakafi ya sa da wuya ka ga hannu irin nawa a ƙauyen. Ni dai na daɗe da yin sulhu da nawa. Amma yatsan yayana bai ƙara lanƙwasuwa ba, haka ya tsufa da shi a gona, kuma abin bai taɓa daina cin raina ba. Bara da Sallah na daure na ce ya yafe min. Sai ya ce, "Ka riga ni. Ni duk shekarun nan bakin roƙon gafararka nake nema."