Turmin Nasara da Baƙin Saƙina

Mun tashi da asuba daga Tamaske, ni da ƙanwar maigidana da wata maƙwabciya wadda ba wanda ya gayyace ta. Tun da na dawo kuke ta sallama kuna tambayar labarin Madawa, har bakina ya gaji, shi ya sa na sa anka rubuta sau ɗaya. Wadda ta ji ta ji.

Dalilin tafiyar kun san shi. Matar ɗana ta sauka, an samu namiji, suna ranar Asabar. Ɗan nawa ɗan fari ne, don haka ba na faɗin sunansa, ba na kallon idonsa, ba mu magana baki da baki. Wancan nake ce masa. Aikin likita yake yi can, yana yi wa mutane allura.

A ƙullin kayana akwai baƙin zanen saƙi. Ni na kaɗa zarensa da hannuna ina amarya. A cikinsa anka miƙa Wancan ga wanzami ranar sunansa, haka duk ƙannensa, har da biyun da ba su zauna ba. Na riga na ɗaura wa raina cewa jikana ba zai fito gaban wanzami cikin wani zane ba. Kafin tafiya na kai shi marina anka sake tsoma shi, ya dawo baƙi wuluk yana sheƙi.

Kamiyon da munka shiga, wato babbar motar kaya, ya girme direbansa. Mata a gaba kan buhuna, maza a baya tare da awaki, kaya kuma an tula su bisa an ɗaure da igiya guda wadda tun daga ƙasa ban yarda da ita ba. Na faɗa, direba ya ce, "Inna, ki kwantar da hankali." A Keita ya tsaya shan shayi, kofi uku, muna zaune muna kallonsa. Daga nan zuwa Buza ba hanya ba ce, duwatsu ne anka roƙa su ɗan matsa. Amma gero ya yi kyau a kwari, har ya rufe gwiwa, sai dai na ga gonaki da yawa ba a yi musu maimai ba, masu su sun tafi ci-rani sun manta hanyar gida.

Da hantsi munka iske ƙorama ta kawo. Direba ya ce ya san ta. Ita ba ta san shi ba. Kamiyo ya shiga tsakiya ya karkace, igiyar nan ta saki, na ga ƙullina da idona ya sauka cikin jan ruwa. Da anka tsamo shi, zanen ya sha laka har cikin zare. Ban yi kuka ba, na dai dubi direba, bai sake ce mini Inna ba har Madawa.

Muna zaune bakin ƙorama maza suna turi, sai ga wani Buzu da jakuna uku. Kafin ya shiga ruwa ya tsaya ya duba mangalar kowane. Ɗaya ta rinjaya gefe, ya ɗauki dutse ya jefa a gefen da ba nauyi, ya jijjiga, sannan ya kora. Sunka ƙetare lafiya, ko juyowa bai yi ya dubi mota ba.

A Buza munka ci tuwon dawa da miyar kuka wadda anka nuna wa daddawa daga nesa. Na sayi cuku wajen wata Buzuwa don mai jego, ya yi tsada amma sabo ne. Kafin mu kai Madawa maƙwabciya ta ɗanɗana rabinsa don ta tabbatar bai lalace ba.

Madawa gari ne, ban musa ba. Akwai godoro, wato kwalta, akwai kuran, wato wutar lantarki, ko'ina warin albasa. 'Yan matan garin ɗan kwalinsu a ƙeya yake tsayawa, ba ya ƙarasowa goshi. Na iske mai jego lafiya, jariri kuma hancin gidanmu ya ɗauko, alhamdulillahi.

Ranar Juma'a da sassafe na wanke zanen, ruwa huɗu. Ni da ƙanwar maigidana munka kama, ita can ni nan, munka murɗa har wuyan hannu ya yi ƙara. Wadda ta san saƙi ta san ba atamfa ba ne, ruwa yake riƙewa kamar rijiya. Muna shanyawa sama ta rufe. Ba ruwan kirki ba, yayyafi mai naci wanda ba ya tsayawa. Na kai shi kusa da wuta, itace jiƙaƙƙe ne, hayaƙi kawai, ɗan busasshen da ya rage kuma na ruwan wankan mai jego ne, ba zan taɓa ba. Suna gobe da safe, zane yana ɗiga.

Wancan ya zo ya tsaya bakin ƙofa, ya ce wa matarsa, "Ki gaya ma Inna akwai wani inji a kanti, esorez sunanshi, yana matse ruwan tufa."

Ina zaune kusa da ita har gwiwarmu tana haɗuwa, ta juyo ta ce, "Inna, wai akwai wani inji."

Na ce wa bango, "A gaya ma mai maganar, tun ba a haife shi ba nake matsar wanki."

Da anka sauko Juma'a na sake taɓa zanen. Jiya i yau. Sai na ce wa buta, "In mutum ya nace sai ya saya, gara a tafi da mai ido." Haka munka fita cikin yayyafi, shi a gaba, ni a baya taku goma.

Mai kantin yana da guda biyu, kowane tsayinsa kamar turmi, da murfi a sama da ɗan baki a gefe inda ruwa ke fita. Ɗaya sabo ne daga Najeriya, na roba, har da zanen furanni. Ɗayan na ƙarfe ne, fentinsa ya ɗan goge, wani Nasara da ya koma gida ya bar shi.

"Hajiya, ga sabo ɗal," in ji mai kanti.

Na ce, "Ban tafi Makka ba tukuna, aje mini Hajiyar. Yana wanki?"

"A'a."

"Yana shanya?"

"A'a, matsewa kawai yake yi."

"To malalaci ne, aiki guda ya iya."

Ban san inji ba, amma na san turmi. Na ƙwanƙwasa kowane na saurara. Na girgiza su in ga wanda gindinsa ya zauna. Na sa hannu cikin tukunyar mai huji-huji na shafa ko'ina, don in akwai kaifi zai ja mini zare. Na shinshina ko akwai tsatsa. Na buɗe murfi na rufe sau uku. Sannan na sa anka ba su kuran. Mai furanni ya yi ta tsuwa yana rawar jiki kamar mai zazzaɓi, na ƙarfen ya yi gurnani ya tsaya inda yake. Na nuna shi da haɓa. Wancan ya so mai furanni, na gani a ƙeyarsa, amma ya biya kuɗin na ƙarfen. Anka ɗora mana turmin Nasara a amalanke.

A gida na hana kowa taɓa zanena. Na dunƙule shi na jefa ciki, na rufe, Wancan ya ba shi kuran. Jama'a! Abin nan da ya tsaya kamar liman a kanti sai ya fara bugun ƙasa, gab, gab, gab, ya taso ya nufo mu. Ya ture kwano, ya bi maƙwabciya har bakin zaure tana a'uzubillahi, takalminta ɗaya a hannu. Ƙanwar maigidana tana ihu, "Ya hau! Wallahi ya hau, ku kawo turare!" Da anka zare igiyar wutarsa na buɗe, zane yana nan jiƙe, ya manne a gefe guda.

Wancan ya ce wa matarsa, "Ki gaya ma Inna ba komai, in na dawo la'asar sai a maida shi a ɗauko ɗayan." Ya tafi masallaci.

Wannan maganar ta fi lakar ƙorama yi mini ciwo. Ni na zaɓa, gaban mai kanti, da haɓa. Na zauna ina kallon zanen manne a gefe guda, sai Buzun nan ya faɗo mini a rai. Ashe ba iskoki ba ne, jaki ne, mangalarsa ta rinjaya. Dutse ba zai shiga ba, sai na duba igiyar shanya. Akwai wata babbar riga fara, jiƙaƙƙiya, nauyinta ya yi daidai. Na sa zane a gefe, riga a gefe, na bi da su jikin tukunya, na danna ƙasa sosai, na rufe. Mai jego ta leƙo ta taga ta buɗe baki, kunyar suruka ta sa ta rufe. Na ce wa ƙanwar maigidana ta ba shi kuran.

Ko motsi bai yi ba. Ƙara kawai kamar zuma cikin amya, ruwa yana zuba ta bakin nan shar, baƙi ƙirin. Na ce madalla, laka ce ke fita. Kafin a gama tauna goro guda ruwan ya tsaya. Na ɗauko zanena, sai ɗan sanyi-sanyi, ko ɗigo babu. Na ɗauko rigar. Kun san zabuwa? To haka. Ita ce kuma rigar da Wancan ya ɗinka don ranar suna.

Da ya dawo na ce wa mai jego, "Ki gaya ma maigidanki damina ta taɓa rigarshi." Ya ɗaga ta, ya juya gaba, ya juya baya, ya daɗe. Sannan ya ce, "Ki gaya ma Inna rinin Tamaske yana kamawa."

Na shanya zanen cikin ɗakin mai jego inda akwai ɗumi, safiya ta waye ya bushe ƙarau. A cikinsa na naɗe jikana, da hannuna na miƙa. Wancan kuwa ya fito gaban jama'a cikin rigar zabuwa, alhali yana da wasu a akwati. Ina jin abokansa daga zaure suna tambayar inda ya samo yadin, yana ce musu aikin gida ne, ba a sayarwa. Da wanzami ya gama aski ya buɗe zanen, sai ga bayan jariri ya yi shuɗi. Haka bayan ubansa ya yi ranar tasa. Nan na ɗaga ido na dubi Wancan, sau ɗaya, na mayar.

Kwana tara na ƙara, kullum ni da turmin Nasara muna matsar tsummokaran jariri, bai sake yi mini rawa ba. Ranar komawa Wancan ya raka mu tasha, ya ce wa direba da ƙarfi, "Ka ɗaure ƙullin tsohuwar nan da igiya biyu, akwai zanen da za mu sake nema." Na ce wa tayar mota, "A gaya mishi an ji."

Mun iso Tamaske bayan la'asar, ƙorama ta janye, kaya ba su faɗi ba. Abin da na koyo ga shi, don wadda ɗanta zai kai ta gari mai kuran. Ki zaɓi mai nauyi, ki shafa cikinsa da hannunki. Ki raba masa kaya kamar mangala. Kada ki haɗa rini da fari. Kuma matsewa kawai yake yi, sauran aikin na rana ne da iska. Nan ba mu da kuran, jiya na koma murɗa wanki da hannu. Shekara da shekaru hannuwan nan ba su taɓa ƙorafi ba, yanzu sun fara. Sun ga Madawa.