Ruwan da Aka Wanke Wa Baƙi

Shekara arba'in Bassu ya yi yana yashe kogon da ƙauyen Ait Wahi ke shan ruwansa, a gindin duwatsun kudancin Maroko. Bai yi aure ba, bai haihu ba, sunansa ma mutanen gari sun ƙwace sun maye masa da Kwaɗo. Su sha ruwan da ya gyara, su goge baki, su ce yana warin laka.

A can ƙuryar kogon akwai wasu halittu farare sol, dangin jatan lande, marasa ido, ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Bassu ya san muddin suna iyo, ruwan lafiyayye ne. Ya sha faɗa, aka sha yi masa dariya.

Wata bazara sai ga Dakta Hadda, malamar jami'a mai binciken halittun ruwa, da rariya da kwalabe. Bassu ya shige gaba da fitila. Ta kama biyu, ta duba da madubin ƙara girma.

"Baba Bassu, duk duniya ba wanda ya taɓa rubuta wannan. Sai dai duka biyun mata ne, kuma sai da namiji ake tabbatar da sabon iri. Zan dawo da abokan aikina bayan wata guda. In mun samu, sunanka halittar za ta ci."

"Sunana na yanka, ko Kwaɗo?"

"Na yanka, Baba. A cikin littafi, har abada."

Ranar Bassu ya kasa cin kuskus don murna.

Labari ya kai kunnen mai gari Si Lahbib, mutumin da ko hanyar kogon bai sani ba, amma ya iya naɗa rawani. Ya tara dattawa.

"Jama'a, manyan baƙi za su zo daga birni, wai kallon tsutsa a ruwanmu. Tsutsa! A buga a jarida, ƙauyukan maƙwabta su ce da ita muke dafa shayi? Wa zai ƙara neman auren 'ya'yanmu?"

A Ait Wahi in babban baƙo zai zo, bango sai ya sha farar ƙasa, tsakar gida ta sha bilic, ko akuya sai an yi mata wanka. Dattawan nan masu tsinin basira suka ga ruwa ma ai gida ne. Ana jibi baƙi za su iso, Bassu ya tafi kasuwar mako sayen sabuwar jallabiya saboda hoto, shi ma abin ya ɗan hau masa kai. Kafin ya dawo an juye buhunan farar ƙasa da jarkokin bilic a idon ruwan.

Baƙi suka iso, aka tarbe su da dabino da madara. Bassu ya shige gaba, jallabiya na ƙamshin kanti. Tun a bakin kogon warin bilic ya doki hancinsa. Ya faɗa ruwan har ƙugu bai ko tattare rigar ba, ya sa rariya, ya ɗaga. Ya sake, ya sake, har la'asar. Ba komai sai farin gari.

Si Lahbib ya ɗebo ruwan a kofin gilashi, ya ɗaga shi a rana.

"Dakta, duba da kyau. Ko tsutsa ɗaya babu. Mu mutane ne masu tsabta."

Ta zauna kan dutse ta rufe fuska.

Shekara uku tana dawowa, ba su ƙara ganin ko ɗaya ba. Halittun nan mata biyu da ta fara kamawa suna nan a kwalba a jami'a, da lamba a jiki maimakon suna. Da Bassu ya rasu, mai shela ya zaga gari yana cewa Allah ya yi wa Bassu rasuwa, mutane na tambayar juna wane ne. Sai da ya ce Kwaɗo suka gane.